Direba Ko Gajeriyar Sanda A Bugun Farko? Amsa Ga Alhajin Da Ƙwallayensa Ke Ɓacewa

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ta iso ni. Ka ce shekara biyu ke nan da ka fara wasan golf bayan ka ajiye aiki, kana fita duk safiyar Asabar a nan Kaduna, kuma da wuya ka gama zagaye ba ka zubar da ƙwallo huɗu ko biyar ba. Dukansu da direba suke tafiya, wato doguwar sandar nan ta bugun farko: ƙwallo ta tashi kamar za ta miƙe, sai ta lanƙwashe dama kamar lauje, ta faɗa ciyawa ko ta tsallake iyaka. Abokan wasanka sun ce ka bar direban a but ɗin mota, ka riƙa buɗe kowane rami da gajeriyar sandar da ake kira ƙarfe mai lamba 5, tunda shi ba ya ba ka kunya. Kana so ka san ko ka bi wannan shawara.

Kada ka bi ta. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma in ka bi, gudun gara za ka yi ka tarar da zago. Tun ina yaro nake ɗaukar jakar manya a fili, daga baya na koma koyarwa, kuma na ga mutane da yawa sun yi fushi da direba sun ajiye shi. Ƙwallayensu sun daina ɓacewa, gaskiya ne. Amma makinsu, wato yawan bugun da suke yi a zagaye, bai sauka ba, wasu ma hawa ya yi, sannan wasan ya daina yi musu daɗi.

Bari mu fara da lissafi, don nan ne shawarar take rushewa. Fili mai ramuka 18 da aka tsara a kan bugu 72 yawanci yana da ramuka 4 na bugu uku, 10 na bugu huɗu, 4 na bugu biyar. Ke nan sau 14 ne kake da zaɓin ɗaukar direba. A ce direbanka, in ya fita da kyau, yana kai yadi 200, ƙarfenka mai lamba 5 kuma yana kai 150. Tazarar yadi 50 ce a kowane rami. Ka ninka ta sau 14, ka ga yadi 700. Wato ka ƙara wa kanka tsawon ramuka biyu cur, kai kana buga 20 abokanka suna buga 18, kuma ba wanda zai rage maka ko bugu ɗaya saboda haka.

Ɗauki rami mai yadi 360. Da direba, saura 160 ya rage, nisan da za ka iya kaiwa dandalin rami, shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ramin yake ciki, ko gefensa a bugu na biyu. Da ƙarfe mai lamba 5, saura 210. Ba ka da sandar da za ta kai nan daga ƙasa. Dole ka yi bugu na biyu don matsawa kawai, na uku ne zai nufi dandali. Ka biya bugu ɗaya tun kafin ka yi kuskure. Kuma wa ya ce ƙarfe mai lamba 5 ba ya kuskure? Na tsaya a bayan ɗalibai ina kallo: a cikin goma, biyu ko uku sukan daki ƙasa kafin ƙwallo, ko su share mata kai ta gangara yadi 60 ta tsaya. Mutum ba ya tuna waɗannan, domin ƙwallon ba ta ɓace ba, tana nan a gabansa yana ganinta. Wadda ta ɓace ce ke tsaya masa a rai.

Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi ba game da abin da suke kira miƙewar gajeriyar sanda. Yawancinta gajarta ce kawai. In ƙwallo ta kauce daga saiti da digiri 5, a yadi 150 za ta sauka kimanin yadi 13 a gefe, a yadi 200 kuma kimanin 17 da rabi. Kuskuren ɗaya ne, hannun ɗaya ne. Ta gajeriyar sandar ba ta yi nisan da za ta isa ciyawa ba ne. Abin da ya rage na bambancin yana zuwa ne daga kwanciyar fuskar sanda. Fuskar direba kusan a tsaye take, digiri 9 zuwa 12, shi ya sa in ta zo a buɗe ko kaɗan sai juyawar ƙwallon ta karkata gefe. Sandar da fuskarta ta fi kwanciya tana juya ƙwallo baya sosai, wannan ya sa lanƙwasar take raguwa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa, don a nan maganinka yake.

Wannan magana ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Mark Broadie, malami a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York, ya yi shekaru yana tattara bugun ƙwararru da na 'yan sha'awa ɗaya bayan ɗaya, ya fito da ma'aunin da ke nuna nawa kowane bugu ya ƙara wa ɗan wasa ko ya rage masa. Gasar ƙwararru ta Amurka ta fara amfani da ma'aunin a 2011, shi kuma ya fitar da littafinsa a 2014. Abin da ya gano ya karya tsohuwar maganar da muka tashi da ita, wai direba ado ne, kuɗin yana wajen jefawa a rami. A cikin fifikon da manyan 'yan wasa suke da shi a kan sauran, bugun nufar dandali ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari, bugun farko kashi 28, ƙananan bugu na kusa da dandali kashi 17, jefawa a rami kashi 15. Kashi biyu cikin uku daga nesa ake samunsa. Su ma kamfanonin Arccos da Shot Scope, masu na'urorin da ke ƙirga bugun 'yan sha'awa irinka, abin da suka yi ta nunawa shi ne bambancin faɗawa tsakar fili tsakanin direba da wud mai lamba 3, sandar da ke bin direba a tsawo, ɗan kaɗan ne, bai kai yadda mutane suke zato ba.

Dalilin wannan na ƙarshe a fili yake in ka ajiye sandunan biyu gefe da gefe. Doka ta yarda kan direba ya kai girman cc 460 (ma'aunin girman kan sanda), kuma kusan duk na zamani sun kai hakan. Kan wud mai lamba 3 bai kai rabin wannan ba. A cikin sanduna 14 da aka yarda ka ɗauka, babu mai faɗin fuska da yafe kuskure kamar direba. Ka daki ƙwallo da gefen fuskarsa, za ta tafi. Ka yi haka da wud, ka sha mamaki.

Na tabbata wani a cikin abokanka zai kawo maka labarin Tiger Woods. Gaskiya ne, a 2006 ya ci babbar gasar Biritaniya a Hoylake, kusa da Liverpool a Ingila, kuma sau ɗaya tak ya zaro direba a ramuka 72. Amma a duba yanayin. Zafi ya gasa filin a shekarar, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ga ramukan yashi masu zurfi an shuka su daidai inda direba zai sauka. Shi kuma ƙarfensa mai lamba 2 yana kaiwa inda direban yawancinmu ba ya kaiwa. Ya ajiye nisan da yake da rararsa ne. Kai ba ka da rara. Matsakaicin ƙwararren Amurka yana kai kimanin yadi 300 da direba, matsakaicin ɗan sha'awa kuwa bai fi 215 ba, wanda ya haura shekara sittin ma ƙasa da haka. Mai buhu goma ne ke kyautar buhu.

In za a kawo misali, a kawo ɗaya ɓangaren ma. A 2020 Bryson DeChambeau ya ci babbar gasar Amurka a filin Winged Foot, inda ciyawar gefe take da kauri da tsawo. A bugun farko 56, sau 23 kawai ya sami tsakar fili. Duk da haka da tazarar bugu 6 ya yi nasara, domin daga cikin ciyawar ma kusa yake, gajeriyar sanda yake ɗauka. Su kansu ƙwararrun, a dunƙule, kusan 6 cikin 10 suke samun tsakar fili. To kai da kake fita sau ɗaya a mako, me ya sa za ka ɗora wa kanka abin da masu cin abinci da wasan ba su cika ba?

Abin da nake so ya zauna maka shi ne bugun farko kala uku ne, ba biyu ba. Akwai wanda ya sauka tsakar fili. Akwai wanda ya kauce amma ka ga ƙwallonka, kana da hanyar buga ta gaba. Akwai kuma wanda ya ɓace, ko ya wuce fararen turakun iyaka, ko ya faɗa ruwa, ko ya maƙale a gindin bishiya. Na farko da na biyu 'yan uwan juna ne, tazararsu kaɗan ce. Na ukun ne abokin gabarka. Ƙwallon da ta ɓace ko ta fita iyaka, doka ta ce ka ƙara bugu ɗaya na tara ka koma inda ka buga, ke nan bugun da za ka sake daga turke, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, shi ne na uku. Bugu biyu sun tafi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. In kana yin haka sau biyar a zagaye, bugu 10 ne kake zubarwa, kuma abokanka suna da gaskiya da suka ce ba za a ci gaba a haka ba. Inda muka rabu da su shi ne magani. Su sun ce a yanke hannu, ni na ce a wanke ciwon.

Fara da sandar kanta. Yawancin direbobin da ke yawo a hannun masu koyo a garin nan na gwanjo ne, ko wani ɗan'uwa ya kawo tsaraba daga waje, kuma in na karɓa na duba sai in ga digiri 9 ne da ƙota mai tauri, irin wadda aka yi wa saurayi mai ƙarfin dantse. Kwanaki wani dattijo ya zo mini da irinsa, yana cewa shi kam Allah bai yi shi don direba ba. Na juya sandar na ga tana da makullin gyara a wuya, bai ma san da shi ba. Muka murɗa aka ƙara wa fuskar kwanciya, na ce ya sauko da riƙonsa inci ɗaya daga saman ƙota, na shafa alli a fuskar don mu ga inda ƙwallo take taɓawa. Bugu biyar na farko duk tabon yana can kusa da wuya. Na ja shi baya kaɗan daga ƙwallon. A na takwas tabon ya zo tsakiya, ƙarar ma ta canza, ya tsaya da sanda a kafaɗa yana bin ƙwallon da ido har ta sauka, bai ce komai ba sai “Ikon Allah.” Lanƙwasar ba ta tafi duka ba, amma ta ragu ta dawo wadda fili zai iya ɗauka.

Saboda haka in naka yana gyaruwa, kai shi digiri 12 ko kusa da haka. In ba ya gyaruwa, nemi wanda ya fi kwanciya da ƙota mai laushi. Direbobin kanti kan kai inci 45 ko fiye, sun yi wa yawancin mutane tsawo; rage riƙo bai buƙatar ko kwabo. Ka kafa turke yadda rabin ƙwallon zai leƙo saman kan sandar, ƙwallon ta yi daidai da dunduniyar ƙafarka ta hagu in kai badame ne. Kuma ka daina neman kashe ta. Wanda ya sake jiki ya daki tsakiyar fuska ya fi wanda ya cije baki ya daki gefe nisa.

Sai saiti, kuma nan nake so ka fi ba da hankali, domin shi ne ake gyarawa a rana ɗaya. Ka ce ƙwallonka dama take yi. To me ya sa kake saita tsakiya? Kusan duk mai wannan matsala yana tsayawa ne yana fatan yau za ta miƙe. Ba fata ake bugawa ba, halin ƙwallonka kake bugawa. Je ka gefen dama na wurin kafa turke, ka kafa a nan, ka saita gefen hagu na fili, har ma bakin ciyawar hagu in babu haɗari a can. In ta miƙe, kana ciyawar hagu, ba laifi. In ta lanƙwashe yadda ta saba, tana tsakiya. In ta lanƙwashe da yawa, tana gefen dama amma a cikin gida. Ka mai da faɗin filin duka naka, maimakon rabinsa. Kadinka, mai ɗaukar maka jaka, ya fi kowa sanin inda ƙwallonka take sauka, don shi ke wahalar nemanta. Tambaye shi inda za ka saita, ka kuma yarda da shi ko da abin ya yi maka kama da wauta a ido.

To yaushe ake ajiye direba? Akwai wurare, kuma ba na wasa da su. In haɗari ya tsare gefe biyu daidai nisan da direbanka ke sauka, babu inda za ka kauce, ajiye shi. In rafi ko kwalbati ya gitta fili a yadi 190 kai kuma kana kai 200, ba ka da tabbacin tsallakewa, buga abin da zai tsaya kafin nan da rara mai yawa. In ramin ya yi kwana kuma direba zai wuce kwanar ya shige bishiyoyi, ajiye shi. Akwai kuma na huɗu da mutane ba su cika tunawa ba: dogon rami, a ce yadi 430, wanda ko direban ya fita tas ba za ka kai dandali a bugu biyu ba. Tunda bugu uku ne ko ta yaya, in akwai iyaka a dama, raba shi 160, 160, 110 ka wuce lafiya. Ga wanda handikaf ɗinsa, wato rangwamen bugun da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, ya kai 18 ko fiye, an riga an ba shi ƙarin bugu a kowane rami, babu abin kunya a nan.

Amma ko a waɗannan wurare, ba ƙarfe mai lamba 5 zan ba ka ba. Nemi wud mai lamba 5 ko 7, ko haibirid, sandar da ta haɗa halin wud da na ƙarfe. Ga mai matsakaicin ƙarfi, wud mai lamba 5 kan kai inda mai lamba 3 yake kaiwa, domin yana ɗaga ƙwallo sama cikin sauƙi. Shi ne ya dace ya zama na biyun direbanka.

Sannan mu a Kaduna fili biyu muke da shi a wuri ɗaya, na rani da na damina, kuma in kiɗa ya canza rawa ma dole ta canza. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta sauka ta yi ta gudu. A lokacin ciyawar gefe ta mutu, kaucewa ba ta da tsada, sai dai ƙwallon da ta sauka a karkace ba ta tsayawa, gangarawa take har gindin bishiya. Nan ne wud mai lamba 5 yake samun nisan aro, kuma ramukan kwana suke zama tarko ga direba. Ga hazon hunturu da safe, ƙwallo ta shige fari fat ka daina ganinta. Sa kadi ya yi gaba ya tsaya a inda zai gani. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa labari ya juya. Ƙasa ta jiƙe, inda ƙwallo ta faɗa nan take zama, nisan da ta yi a sama shi ne naka kaɗai. Lokacin ne ka fi bukatar direba, kuma lokacin ne ciyawa take haɗiye ƙwallo da ido buɗe. Shi ya sa a damina nake matsa wa ɗalibai kan ƙarin kwanciyar fuska da saiti mai nisa daga duhuwar ciyawa. Tun 2019 minti 3 kawai doka ta ba ka na nema, da 5 ne. In kana shakka, faɗa wa abokan wasa za ka buga ta wucin gadi kafin ka bar wurin, kada ka sha tafiyar dawowa. Akwai kuma ƙa'idar gida da aka fito da ita a shekarar, mai ba da damar ajiye ƙwallo a bakin fili kusa da inda ta ɓace a kan tarar bugu biyu, amma sai in kwamitin filin ya amince da ita, ka tambaya.

Abu biyu kuma a taƙaice. Na farko, rabin ɓarnar da ake ɗora wa direba ta bugu na biyu ce. Phil Mickelson a 2006, a wannan fili na Winged Foot, yana bukatar bugu 4 a ramin ƙarshe ya ci gasa. Direbansa ya kauce hagu, amma ƙwallon tana nan a inda za a iya bugawa. Ya nemi ya ratsa bishiyoyi, ta daki itace, ya gama da 6, kofin ya tafi hannun Geoff Ogilvy. In ka sami kanka a bayan bishiya, fito da ita gefe ka ci gaba. Na biyu, ka duba daga wane turke kake farawa. In akwai na gaba, matsa can. A Amurka tun 2011 hukumomin wasan suke kiran 'yan sha'awa su yi haka. Na san wasu dattawa suna jin nauyin matsawa gaba, amma an yi turakun ne don nisan bugun mutum, ba don girmansa ba.

Kuma na san tsadar ƙwallo tana cikin abin da ke ɗaure maka hannu. Mutumin da ya kafa sabuwar ƙwallo mai tsada yana kallon ciyawa, kafaɗarsa kan sandare tun kafin ya ɗaga sanda. Sayi tsofaffi masu kyau wajen yaran da ke tsintowa, ka zuba goma a jaka, ka buga da sakakken rai.

Ga aikin da zan ba ka. A zagaye biyar masu zuwa, ɗauki direba a duk ramin da bai faɗa cikin waɗancan huɗu ba, da sabon saitin. A bayan katin maki, yi alama uku: tsakiya, gefe amma ana iya bugawa, da ɓata. Ba ruwanka da na farko da na biyu, na ukun kawai za mu ƙirga. In ya sauko zuwa ɗaya ko biyu a zagaye, an gama magana, direba ya zauna a jaka. In har yana huɗu ko biyar, to matsalar tana riƙo ne ko hanyar da sandar ke bi ta sauko, kuma wannan ba a gyara shi ta rubutu. Wud mai lamba 5 ya riƙe maka wasa na ɗan lokaci, kai kuma ka ba mai koyarwa awa biyu ko uku a wurin atisaye. Ka zo da katunan biyar da direban, Alhaji, da ɗan alli a aljihu. Da safe bayan an idar da sallar asuba ya fi, kafin iska ta taso.